Malamin Tuƙi da Ruwan Ƙarƙashin Gada

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, malamin koyar da tuƙi. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a kujerar gefen direba yana ce wa mutane su sassauta totur. Ya iya aikinsa. Ko mota ta yi tari kaɗan, ya san abin da ke damunta.

Motar ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, wani tsohon direban babbar mota da idanunsa suka yi rauni har ya daina bambance fuskoki. Tsohon ya ba shi 'yarsa, daga baya ya ba shi makulli. Abu biyu kawai ya nema: motar ta riƙa kwana a gidansa, kuma duk abin da ya same ta a faɗa masa. Kullum da yamma yakan fito da sandarsa, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin kamar mai taɓa goshin jariri, ya tambaya ko ta wuni lafiya.

Akwai darasin da malamin ba ya tsallakewa ga kowane ɗalibi. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. In kuwa mota ta mutu maka a ciki, kada ka sake murɗa makulli.

Wata rana aka wuni ana ruwa, ya ɗauke bayan azahar. Yana tare da ɗalibarsa, wata dattijuwa mai ɗinki, suka iso inda titi ke bi ta ƙarƙashin gada. Motoci sun yi layi, direbobi sun fito sun harɗe hannuwa. Ruwan ya kwanta luf, ko motsi ba ya yi. Sararin sama gaba ɗaya ya sauko cikinsa, da farin gajimare, da tsuntsaye biyu suna ratsawa. Malamin ya daɗe yana kallo. Ya ga kamar wanda ya shiga nan ba ruwa zai taka ba, a kan gajimare zai wuce. Ya ga kuma mutane da yawa da za su kalle shi yana wucewa.

Ya ce wa mai ɗinki ta koma kujerar gefe, shi zai karɓi sitiyari. Ta tuna masa da darasinsa, ya yi murmushi.

"Wannan na 'yan koyo ne, Hajiya."

Suka shiga a hankali. Gajimaren ya tarwatse a gaban mota. Ruwa ya shanye tayoyi, ya hau ƙofa, ya fara sulalowa kan takalmansu da sanyi. A tsakiya motar ta ja numfashi ta yi shiru.

Me ya kamata ya yi? Ya sani. Shi ne ya koya wa rabin mutanen da ke tsaye a bakin ruwan. Amma fita ya tura mota, wandonsa a naɗe, ana kallo? Ya murɗa makulli. Ya sake murɗawa. A na uku ta tashi da kakari, suka fito suna ɗigar ruwa, wasu har suka tafa masa.

Sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a bayan sitiyari. Ba ta ƙara, ba ta ƙyaftawa. Tana nan dai tana kallonsa.

Bai je wurin bakaniken da suka saba ba, don abokin surukinsa ne. Ya nemi wani gareji can nesa. Bakaniken ya zaro ƙarfen gwada baƙin mai, ya ɗaga shi a haske, ya yi dariya.

"Maigida, injinka shayi da madara ya sha. Bar mini ita kwana biyu in zubar, in busar, in ga abin da ya lanƙwashe. In ka ci gaba da hawanta haka, gawarta za ka kawo mini."

In motar ta yi kwana biyu ba ta kwana a gida ba, dole tsohon ya tambaya. In ya tambaya, dole a faɗa masa cewa malamin tuƙi ya yi abin da yake hana yara. Malamin ya ce wa bakaniken zai dawo gobe. A hanya ya sayi baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya yanki ɗan guntu kamar farce, ya manna a kan fitilar. Ya matse kafet, ya fesa turare.

Da yamma tsohon ya ɗora hannu a kan murfin injin. Ya ɗan jima bai ɗauke ba. Ya ce yana jin warin danshi, ko ta shiga ruwa ne? Malamin ya ce tagar baya ce aka manta a buɗe. Har ya ƙara da rantsuwa, alhali ba wanda ya nemi ya rantse.

Ya 'yan uwa, ruwa bai bar motar nan ba. Da safe gilasai kan yi hazo daga ciki, kamar wani ya kwana a kujerar baya yana numfashi. Wani ɗigo ya zauna cikin fitilar gaba, ya ƙi bushewa. In malamin ya kishingiɗa a ciki da rana tsakanin ɗalibi da ɗalibi, yakan ji ruwa na kai da kawo a ƙarƙashin kujera, ya ga kansa yana tuƙi a kan gajimare babu ƙasa, sai ya farka a firgice. Matarsa ta ce kwanan nan ko an yi masa magana kamar yana ƙasan rijiya. Ya ce gajiya ce. Kullum yakan ce gobe zai kai ta gareji, gobe kuma ta tashi lafiya, ya ga ai babu komai.

A kwana na tara tsohon ya ce a kai shi ganin likitan ido. Ya zauna a gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Sun hau babban titi ke nan injin ya fara ƙwanƙwasa, a hankali, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa. Tsohon ya karkata kunne, ya ce a tsaya. Malamin ya ce saura kaɗan su isa. Ƙarar ta yi ƙarfi, wani abu ya fashe a ciki, motar ta gangara gefe ta tsaya. Baƙin mai ya malale a kwalta, fari-fari.

Tsohon ya tambaya ko babu fitilar da ta kunnu. Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu ta bayan sitiyari yana lalube, yatsunsa na bin gilashin, har farcensa ya kama bakin salatif. Ya ɓare shi. Ya riƙe shi a kan yatsa, ya kawo dab da idonsa.

"Da ka kawo mini ita a jiƙe, ɗana, da mun shanya ta tare."

Injin bai gyaru ba. Mai ɗinki, da ta ji, ta ba da labarin gada, ɗalibai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wa zai koyi tuƙi wurin wanda ke toshe idon mota? Tsohon bai zage shi ba, bai raba shi da 'yarsa ba, yana amsa gaisuwarsa. Amma daga ranar bai sake tambayarsa komai ba. Ko ƙarfe nawa yake son sani, sai ya jira wani ya shigo.

Ku duba, ya 'yan uwa. Ruwa ya ɓata abin kwana biyu ne kawai. Girman kai ne ya shigar da shi, ƙarya da rantsuwa suka ƙarasa sauran. Allah bai bar ɗayanmu babu fitila ba. Wannan nauyin da kake ji a ƙirji bayan ka yi wa wanda ya amince da kai ƙarya, ita ce. Rahama ce ta kunna ta. Da me kake rufe taka? Da dariya? Da yawan aiki? Da cewa gobe?

Wanda ya yi kuskure ya tsaya tun yau, ya faɗa wa mai haƙƙi, ya jure kunyar yini guda.

Allah ya ba mu ikon tsayawa idan an gargaɗe mu, ya tsare mana amanar da aka damƙa a hannunmu. Allah ya kiyaye mu, amin.