Hannun Enuwa a Tukunyar Okoho

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A ƙasar Idoma, can tsallaken Binuwai, an yi wani maharbi, Ogbole, da 'yarsa tilo, Enuwa. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Wata shekara ciwo ya kama maƙogwaron Ogbole. A ba shi sakwara, ta tsaya. A ba shi kunu, ya dawo. Ƙato guda ya koma kamar sillen kara. Masu magani suka zo, suka girgiza kai, suka tafi.

Enuwa ta shiga kurmi tana kuka. Sai wata dafara da ta nannaɗe bishiya ta kira ta. E, dafarar nan da muke shafe bango da ita. Su can okoho suke ce mata, miya suke yi. Kar wanda ya yi mini dariya, magana ce ta rai.

Dafara ta ce, "Rassa uku gare ni, yarinya, sari ɗaya. Ki kankare, ki tsattsaga, ki jiƙa a ruwan zafi, ki matse da hannunki tun ruwan na ƙuna. Miyar za ta wuce maƙogwaron ubanki. Amma kar mai ya taɓa tukunyar."

Enuwa ta kankare, ta tsattsaga, ta jiƙa. Ta sa yatsa, ta ji zafi, ta jira ya huce. Miya ta fito tsararo, ba yauƙi. Uban ya gwada, ya shaƙe.

Ta koma kurmi, ta saro na biyu. Wannan karon ta cije, ta matse cikin zafin, hannu ya tashi. Miya ta yi yauƙi. Sai ga gwaggonta Onyeche. Ta leƙa tukunya, ta ce masu dubiya sun cika gida, ita ba za ta ji kunya ba, a kai wa babban maharbi miya fara fat kamar ta gidan matsiyata. Ta kwarara manja. Miya ta tsinke. Uban ya gwada, ya shaƙe, har aka fara salallami.

Enuwa ta koma kurmi. Dafara ta ce wannan ne na ƙarshe, babu wani bayansa, ta sara amma ta bar mata saiwa.

Yarinya ta dawo, ta ja ƙyauren madafi ta rufe. Hannuwan nan duk bororo, wallahi ko ni da nake faɗa tausayi nake ji. Haka ta tsoma su a ruwan zafin. Ta matse, ta matse, ta matse, hawaye na zuba. Yauƙi ya taso, tana ɗaga hannu yana bin ta. Ta zuba gishiri da busasshen naman da uban ya harbo kafin ya kwanta.

Loma ta farko ta wuce sulɓ. Ta biyu ta wuce. A ta uku Ogbole ya buɗe ido sosai, ya ga hannun da ke riƙe da kwano.

Ya ce, "Enuwa, ke kin ci?"

Ta girgiza kai. Yatsun ba sa lanƙwasuwa. Sai mara lafiya ya gutsuro sakwara, ya dangwala, ya sa mata a baki. Gwaggo ta sunkuyar da kai, ta ɗauki manjanta ta fice.

Tun ran nan ba a zuba mai a okoho. In kuna jinya, ku duba mai ciwo, ku bar duban idon baƙi.

Ƙurunƙus kan ɓera, na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka.