Allurar Da Ba Ta Sauka

An yi wani mutum, makaniken motocin tsere, abokansa na ce masa Injiniya. Ya iya aiki, wannan ba mai musu. Ciwonsa ɗaya ne: ya fi son a yanka shi da a ce ya yi kuskure.

Yana da wata jar mota da ya haɗa injinta da hannunsa. Duk wanda ya shigo garejin sai ya buɗe masa bonet ya yi masa lacca, ko da ruwa mutum ya zo nema.

To, ku san cewa inji da baƙin mai yake rayuwa. Famfo ne ke tura man da ƙarfi ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Idan aka taka totur inji ya ɗauki zafi, man yakan tsinke kamar ruwa, ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa ake sa agogo a gaban direba, mai allurar da ke nuna ƙarfin man. In allurar ta fara sauka, sai ka ɗaga ƙafa.

Ranar da Injiniya ya gwada motarsa a filin tsere, tana yin zafi allurar ta yi ƙasa. Ya sake gwadawa, ta sake sauka. Ya san abin da ke nan: akwai inda ya yi kuskure a cikin injin, dole a sauke shi a kwance. Amma a ina? Garejinsa ba ƙofa, kuma garejin abokin hamayyarsa na kallon nasa. A ga injin jar mota a ƙasa? Ina!

Sai ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya cire wayar da ke kawo labari daga inji, ya haɗa agogon da batir. Daga ranar, da an murɗa makulli allurar za ta tashi ta tsaya cak a inda ake so. Shi kuwa da kunne yake tuƙi, in ya ji sautin injin ya sauya sai ya sassauta a ɓoye. Masu zama gefensa suna ta mamaki, yana ta washe baki.

Ya 'yan uwa, wace irin wauta ce wannan? Agogo ya faɗa maka gaskiya, sai ka koya masa ƙarya?

Ana gobe babbar gasa Injiniya ya gurɗe a hannu. Yana da ƙane, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda shi ya koya wa tuƙi, shi kuma ya koya masa cewa direban kirki allurar mai yake kallo. Ƙanen ya ce zai tuƙa a madadinsa.

A filin, mutane sun kewaye motar, har da abokin hamayyar. Ƙanen ya sa hular kwano, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, akwai abin da zan kula da shi?"

Kalma uku ta isa, ko raɗa a kunne. Amma Injiniya ya dubi idanun da ke kansa, ya bugi rufin motar ya ce, "Taka kawai, ƙanena. Wannan ba irin tasu ba ce."

Ya kuwa taka. Daga bakin fili Injiniya yana jin sautin injin na sauyawa, shi kaɗai ya san ma'anarsa. Ya yi ta faɗa wa kansa saura kaɗan a gama. Ana shiga kwana man ya kasa, ƙarfe ya kama ƙarfe, injin ya tsaya, tayoyin baya suka cije. Motar ta juya ta daki katanga.

An zaro ƙanen da rai, amma ƙashin bayansa ya karye. Abokin hamayyar ne ya leƙa don ya kashe makulli. Inji a mace, mai ya malale a kwalta, allura kuwa tana tsaye tana cewa lafiya lau. Sai ya kira mutane suka duba.

Kafin mako ya zagayo masu motoci sun kwashe motocinsu daga garejin Injiniya. Mahaifiyarsu ta daina amsa gaisuwarsa. Amma duk wannan bai kai abin da ya tarar a asibiti ba. Ba wanda ya iya gaya wa ƙanen gaskiya. Da ya ga yayansa sai ya kama hannunsa yana hawaye, ya ce, "Ka yafe mini, Yaya, na lalata maka mota. Wallahi idona na kan allurar, ban ga ta motsa ba."

Ya 'yan uwa, kuskuren inji ba zunubi ba ne, kowa na yi. Zunubin shi ne girman kan da ya sa mutum ya toshe bakin mai gargaɗi, ya kuma miƙa ƙaryarsa ga wanda ya amince da shi. Kai da ka san aibin da ke cikin aikinka ka rufe don kada a yi maka dariya, wa zai hau kansa gobe? Ka faɗa yau, kunyar ba za ta kashe ka ba.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya hana wani cutuwa ta dalilin shirunmu. Amin.