Telan da Ya Cire Irin Albasa

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da ba a san famfo ba, sai rijiya da jigon ɗebo ruwa. Tanimu Tela ake ce masa. Bawan Allah ne marar hayaniya. Baƙo ne a garin, ya kama ɗaki a wata unguwa ta bakin fadama, ya shekara da shekaru a kan keken ɗinkinsa, amma tsakaninsa da maƙwabta sai ina kwana da ina wuni.

Mutanen unguwar suna da lambu na tarayya. Shinge ɗaya, rijiya ɗaya, kowa da kwaminsa, wato ɗan filin da ake kewayewa da ƙasa don ya riƙe ruwa. Wata shekara da damina ta wuce, aka ce akwai kwamin da ba mai shi. Tanimu ya ce yana so. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba! Aka yi ta dariya. Baba Cindo, wanda ya fi kowa daɗewa a lambun, ya ce, "Tela, ƙasa fa ba yadi ba ce. In ka ɓata, ba a farkewa a sake ɗinki."

Amma suka karɓe shi. Wannan ya ba shi irin alayyafo, wancan ya koya masa jan jigo. Baba Cindo da kansa ya nuna masa yadda ake buɗe wa ruwa hanya, a toshe idan kwami ya cika. Kafin a jima Tanimu ya san sunan kowa, ya san wanda matarsa ba ta da lafiya, ya san wanda ɗansa ya tafi cirani. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya fara neman abin da zai yi ya saka musu.

To ku saurara, nan ne maganar take.

Wata rana da sassafe ya riga kowa zuwa. Ya ga wani ɗan kwamin Baba Cindo cike da wata siririyar ciyawa, ta fito cunkus. Ya ce a ransa, tsohon nan bayansa na ciwo, bari in hutar da shi. Ya tsuguna ya cire ta tas, ya watsa bayan shinge, ya tafi shago yana murna.

Wanda ya san lambu a cikinku ya riga ya gane. Ba ciyawa ba ce. Irin albasa ne, yana ƙarami haka yake. Baba Cindo ya shekara yana ajiye wannan iri daga albasarsa ta bara zuwa ta bana, ya yafa shi, ya yi ta ban ruwa, saura kaɗan a dasa. Lokacin sake yafa wani kuma ya wuce.

Bayan shingen nan kuwa, nan Malam Jatau yake ɗaure awakinsa. Shi da Baba Cindo sa'o'in juna ne, katangarsu ɗaya, amma sun daɗe ba sa gaisawa saboda wata tsohuwar rigima a kan indararo. Baba Cindo ya zo ya tarar da kwami fayau. Ya leƙa bayan shinge, ya ga awakin Jatau suna tattaka sauran. Ya ɗaga murya.

"Jatau! Fito! Akuya ba ta cirewa ta karkaɗe saiwa. Wannan aikin hannu ne!"

Jatau ya fito da buta a hannu. "Cindo, da safiyar nan? Wallahi ban taɓa maka komai ba."

"To aljanu ne suka kawo wa awakinka?"

Unguwa ta taru. Wasu suka ce a kori Jatau daga lambun. 'Yan uwan Jatau suka ce in an kore shi, sai a raba shinge, kowa ya haƙa rijiyarsa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya wa ya ga abin da idonsa.

Tanimu ya ji hayaniya ya zo. Da ya ga inda ake nunawa, ya gane aikinsa ne.

Ku tsaya ku dubi inda yake tsaye. Ba wanda ya gan shi. Ba wanda zai zarge shi. In ya yi shiru, kwaminsa na nan, sababbin abokansa na nan, Jatau ne zai tafi. In ya yi magana, shi ne baƙo, shi ne wawa, shi za a nuna wa ƙofa.

Ya kutsa tsakiyar mutane ya ce, "Baba, ni ne."

Baba Cindo ya juyo ya dube shi.

"Kai? Me na yi maka, Tela?"

"Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ciyawa na ɗauka. Na so in rage maka aiki."

"Ciyawa! Ba ka ji wari ba? Ko hancin ma ɗinke shi ka yi?"

"Na ji, Baba. Na zaci daga kwamin gefe ne." Ya sunkuyar da kai. "Ka ɗauki nawa da abin da ke ciki, ni in fita. Amma Malam Jatau ba shi da laifi, a daina ambatonsa."

Baba Cindo bai ce na yafe ba. Ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida.

Washegari Jatau ya shigo lambu da ƙunshin dashen albasa daga nasa kwamin. Bai dubi Cindo ba. Ya miƙa wa Tanimu ya ce, "Kai ka cire, kai za ka dasa. Ni don kai na yi, ba don wani ba." Da sauran suka gani, wannan ya tsakuro, wancan ya tsakuro, har aka tara abin da zai kusa isa. Tanimu yana dasawa, Baba Cindo na tsaye a kansa yana faɗa: "Ba haka ba! Ka binne ta kamar gawa!" Can da rana ta yi zafi, tsohon ya juya ya ce, "Jatau, jiya na zalunce ka."

Jatau ya ce, "Jiya kaɗai?"

Mutane suka fashe da dariya, har shi Cindon.

Ba zan ce muku Tanimu ya tono tukunyar zinariya ba. Albasar Baba Cindo ba ta kai ta bara ba, kuma irin nan nasa ya tafi ke nan. Amma ba a kori kowa ba, ba a raba lambun ba.

Darasin a fili yake. Gaskiyar da za ta ci mutuncinka ta wanke wani, ita ce ke riƙe jama'a. Kuma maƙwabtaka aiki ce, ba gaisuwa ba ce.

Yanzu mu dubi kanmu. Sau nawa aka ɗora wa wani laifin da kai ka san mai shi, ka ja bakinka ka ce ba ruwanka? Da ruwanka! Ga kango nan bayan masallacinmu, ya zama juji, kullum muna toshe hanci mu wuce muna cewa a gyara. Wa zai gyara? Wani a nan bai san sunan mutumin da suke sahu ɗaya ba. Kada kowa ya ce mini bai iya ba, Tanimu ma bai iya ba, ya yi ɓarna, ya tsaya ya amsa. Ku fito da fartanya, ku kira maƙwabcin nan da kuke gaba da shi. Idan kun ɓata, ku ce mu ne.

Allah Ya ba mu ikon faɗin haka tun kafin a kori wani saboda mu.