Sunan da Ƙasa Ta Amsa

An ce a wani zamani mai nisa, an yi wani sarki wanda ambaliya ta ci masa unguwar marina a damina ɗaya, rai arba'in da ɗaya suka tafi. Da aka share makoki ya tara fadawa ya tambayi dalili. Sarkin Ruwa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa dai bai ƙaru ba. Fadamun da yake kwana a cikinsu ne masu su suka cike da ƙasa suka yi gini, shi kuwa ya gangara kan talakawa."

Sarki ya sa aka yi shela: kowace fadama, ko ta gado ce, a bar wa ruwa. Mai ita ya shuka shinkafa, ya kama kifi, ya yi kiwo, amma ban da cikewa. Ginin da ke kai a rushe, a ba mai shi fili a tudu.

To, abin mamaki, gari na wayewa aka nemi mai fadama a ƙasar nan aka rasa. Kowa gonarsa ta zama jigawa tun kaka da kakanni.

Kwana uku ana ja-in-ja a fada. Alƙali ya ce duk inda ruwa ya kwanta kwana arba'in fadama ce. Madugu Cindo, attajirin da ya jera rumbuna a kan tsohon tafki, ya ce, "Allah ya gafarta malam, a je a duba tawa, ko kwana biyu ba ya yi." Wani ya ce a bi kukan kwaɗi. Madugu ya ce kwaɗo ko a gindin randa kuka yake yi.

Waziri Tanimu yana zaune bai ce uffan ba. Ba rashin dabara ke damunsa ba, ya san amsar tun ranar farko, ya kuma san inda za ta sauka. Gidansu na gado, wanda mahaifinsa ya gina, a kan fadama yake. A ciki kuwa mahaifiyarsa Inna Dudu take, tsohuwa tukuf wadda idonta ya tafi, da laluben bango take zuwa ko'ina, shekara sittin ba ta kwana wani wuri ba.

Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, shirunka ya yi yawa."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaki, ana iya binne laka, amma ba a binne suna. A kira tsoffin matan kowace unguwa, ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su yadda ake kiran wurin lokacin suna 'yan mata. Sunan da ƙasa ta amsa, shi ne hukuncinta."

Fada ta ɗauki yabo, shi kuwa Waziri bai yi murna ba, domin a unguwarsu duk tsarar Inna sun rasu, ita kaɗai ta rage.

Da la'asar ya iske ta tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa ya gaya mata komai, sannan ya ce da ƙaramar murya, "Inna, tsufa uzuri ne. In kika ce kin manta, babu mai ganin laifinki."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can ta ce, "Marinan nan, akwai yara a cikin waɗanda suka tafi?"

"Goma sha bakwai, Inna."

"Tashi ka je ka ci abinci," in ji ta. Kunya ta rufe shi har ya rasa ƙofar fita.

Washegari tsoffi suka yi ta zuwa. Wurin Madugu aka ce sunansa Tafkin Agwagi, na wani Mashayar Shanu, fada ta yi ta dariya. Da aka shigo da Inna Dudu riƙe da sanda, dariya ta mutu. Sarki da kansa ya ce, "Iya, in jiki ba daɗi, an ɗauke miki."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Sunan wurin Kwanta-Ruwa. Nan muke tsinkar bado muna yara. Na gaya wa maigidan ranar da ya fara zuba ƙasa, ya ce mace ba ta san gini ba."

Gidan Waziri aka fara rushewa, bisa roƙonsa. Da Madugu da sauran suka ga haka, babu wanda ya sake ɗaga murya.

Sarki ya gina musu gida a tudu, ya fi tsohon girma da kyau. Amma Inna ba ta san bangonsa ba. Ta miƙa hannu neman ƙofa ta ci karo da rumbu, ta nemi randa ta taka murhu. Daga baya ta daina tashi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, wannan kuwa ya fi komai cin ran ɗanta.

Damina ta sauka da ƙarfi, ruwa ya koma makwancinsa, unguwar marina ko kaza ba ta rasa ba. Wata rana da hantsi Inna ta ce, "Kai ni gida." Waziri ya cire rawani ya goya ta, ya sauke ta a bakin ruwan. Ta tsoma ƙafa, sannan ta nuna da sanda ta ce, "Ɗakina yana can, hagu da tsamiya. Nan na haife ka." Ya duba, babu ɗaki, babu tsamiya, sai ruwa shimfiɗe. Ya ce, "Na gan shi, Inna," hawaye na zuba a gemunsa.

Inna ba ta ga kaka ba, ta rasu. Dokar ta zauna, ƙasa ta samu lafiya, maroƙa suka riƙa yi wa Waziri kirarin mai hikima. Duk lokacin da suka fara sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bari. Ni na ce mata ta manta."