Tocilar da Aka Aiko ta Hannun Direba

Akwai wani mutum da ke aiki a birni, tsohuwarsa kuwa tana ƙauye ita kaɗai. Da damina ta matso sai ya shiga kasuwa don ya saya mata tocila. Mai shago ya nuna masa ƙarama mara nauyi, sai mutumin ya ture ta, ya ce, "Wannan ai ta yara ce. Uwata zan saya wa." Ya zaɓi babba ta ƙarfe mai cin batir huɗu. Ya danna da babban yatsansa, ta haska har ƙarshen layi. Ya ba direban motar ƙauyensu ya kai mata.

Tsohuwa ta yi murna, ta sa albarka. Amma sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa mata yatsu. Ta danna makunnin, ya ƙi. Ta haɗa hannu biyu, ya ƙi. Sai ta ɗora ta a kan akwati ta rufe da ƙyalle, kowa ya shigo ta nuna masa abin da ɗanta ya aiko.

Wata asuba bayan ruwan sama ta fita za ta kewaya, tana lalube da sanda. Santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye.

Ɗan ya zo ya same ta kwance. Ya ce, "Inna, ina tocilar da na saya miki?"

Ta ce, "Ga ta can, sabuwa fil. Yatsuna ba sa iya danna ta."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Wa zan faɗa wa? Direba?"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana, tocilar nan taimakon da muke yi ne daga nesa, muna aunawa da ƙarfin hannunmu. Mutumin ba marowaci ba ne. Bai dai riƙe hannun uwarsa ya duba ba. Allah kuwa bai ba direba saƙo ba. Yesu ya zo da kansa, ya zauna da mu, ya taɓa marasa lafiya.

Ni na tsufa, na gaji da zuwa gaida waɗanda suka faɗi. Idan za ku saya wa tsoho tocila, ku zaɓi mara nauyi, mai sauƙin kunnawa. Ku kai da ƙafarku, ku sa masa a hannu, ku zauna har ya kunna.