Alli a Bangon Zaure

Badaru shi ne mai unguwa a Unguwar Bube, wani ɗan ƙauye kusa da Kaikai a ƙasar Kusada. Mutum ne mai kirki da son jama'a. Zaurensa ba ya rabuwa da mutane, kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. In ya shuka gero, kafin ya tsiro sai ya koma ya tona rami ya duba. In aka ce masa gobe, sai ya ji kamar an hana shi ne. Mahaifiyarsa, Iya Adawiyya, takan ce bakwaini ne, kuma tun ranar da ya zo duniya yake sauri. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa. Mai unguwa take ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana.

A daminar shekarar da aka fara allurar korona, cutar ta shigo ƙauyen. Tsofaffi biyu suka rasu kusa da juna, dukansu da tari da sarƙewar numfashi. Maigari ya tara masu unguwanni, aka tsayar da magana. Aka rufe 'yar kasuwar ƙauyen, aka hana taron biki da zaman majalisa. Suna kuwa, liman da mutum biyu ko uku sun isa. Maigari ya ce za a buɗe in an yi wa mafi yawan gidaje allura.

Hanin ya yi wa mutane nauyi, ba kuma don rashin hankali suke ƙorafi ba. Matan rugar Ummaru, wani Bafulatani da ke gefen ƙauyen, suna dawowa da nononsu ba a saya ba. Masu ƙosai sun kife tukwane. Amma Badaru damuwarsa daban ce. Matarsa Salma tana da tsohon ciki, kuma tun haihuwar 'yarsu Hawwa, wadda har ta yi aure a Kankia, ba su sake samun haihuwa ba. Ya daɗe da ɗaure rago a bayan gida. Ya riga ya gaya wa abokansa na Kankia da na Mawashi cewa za su ga suna. Duk lokacin da ya tuna cewa za a raɗa wa ɗansa suna a gaban mutum uku, sai abinci ya fita ransa.

Ana cikin haka masu allura suka iso. Wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Shamsiyya, ita ce shugabarsu, Badaru kuma shi ke yi musu jagora gida gida. Duk gidan da suka gama, sai ta ja alama da alli a bangon zaure, ta rubuta kwanan wata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kowa. Shekara da shekaru haka masu ɗigon shan-inna suke yi, kuma ko yaro ya san ma'anarsa: an gama da gidan nan, mai zuwa ya wuce gaba.

Sun faro daga bakin rijiya. Kafin azahar allurar ta ƙare, ba su ko kai rabin unguwar ba. Gidan ƙarshe da suka shiga shi ne na Malam Jaji, wani tsoho maƙwabcin Badaru. Katanga ɗaya ce tsakaninsu.

“Malama, yaushe za ku dawo?” in ji Badaru.

“In an kawo mamu wata. Wallahi ban san rana ba, Mai unguwa. Ana ta rabo ne kaɗan kaɗan.”

“Sati ɗaya? Biyu?”

“In na faɗa maka rana na yi ƙarya,” ta ce, tana rufe akwatin sanyi. Guntun allin da ta yi aiki da shi ya faɗi ƙasa, ba ta lura ba. Badaru ya tsince shi ya sa a aljihu, shi kansa bai san dalili ba a lokacin.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, babu labari. Badaru ya je wurin Maigari.

“Ranka ya daɗe, mutane sun gaji. Tun rasuwar nan ba a sake jin ko tari ba.”

“Ba a ji ba saboda kowa na gidanshi,” in ji Maigari. “Ni ma na gaji, Badaru. Jiya matar Ummaru ta tsaya nan da ƙwaryarta ta nono, na rasa inda zan sa idona. Amma in na buɗe yau, jibi aka ɗauki gawa, da wane baki zan ce a sake rufewa? Zan aiko a duba zaurukanku. Ranar da na ji alli ya kama mafi yawa, ranar zan buɗe.”

Badaru ya fito yana juya maganar. Maigari bai ce allura ba, alli ya ce. Ya shafa aljihunsa. Ya ce a ransa ai allurar tana tafe, yau ko gobe. Shi ba hana kowa zai yi ba, gaba kawai zai shigar da abin da tilas zai faru.

Washegari da hantsi, maza duk suna gona, ya bi sauran zaurukan yana jan alama irin ta Malama Shamsiyya, da kwanan watan da ta rubuta. Bai ɓuya ba, don mai unguwa ne, babu mai tuhumarsa. Malam Jaji, wanda tsufa ya hana shi noma, yana zaune a kan buzunsa.

“A'a, Badaru, yaushe aka ɗauke ka aikin asibiti?”

“Ƙidaya ce kawai, Baba. An ce in ƙarasa masu.”

“To, likita. In an fara biyanka ka tuna da goro na.”

Badaru ya yi dariya. Ya bar gidaje kaɗan na can ƙarshen gari don kada abin ya yi yawa. Daga nan ya dawo ya ja alama a nasa zauren, ya shiga gida.

Iya Adawiyya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta daɗe da ciwon suga, kuma tun da aka hana taro Salma ba ta barin kowa ya shiga wurinta.

“Mai unguwa, me ka taɓa haka hannunka fari fat?”

“Bango na dafa, Iya.”

“To. Masu allurar nan in sun dawo ka shigo mani da su. An yi ma Jaji, ga shi nan kullum ina jin surutunshi ta katanga. In shi bai mutu ba, ni me zai same ni?”

“Za su zo, Iya.”

Bayan kwana biyu ɗan aiken Maigari ya zagaya a kan babur, ya ga zauruka da alli, ya koma ya faɗa. Aka yi shela an buɗe. Kasuwa ta ci, matan ruga suka sayar da nono, mutane suna tare Badaru suna yi masa godiya kamar shi ya kori cutar. Ya ji daɗi, ya kuma ƙara yarda cewa bai yi laifi ba.

Ba a rufa mako ba sai ga masu allura. Amma ba Malama Shamsiyya ba ce, an tura ta wata mazaɓa. Wani Malam Kamalu ne da abokan aikinsa, waɗanda ba su taɓa shigowa ƙauyen ba. Suka ishe Badaru a bakin rijiya, tare da ɗan aiken Maigari da wasu dattawa.

“Ashe unguwarku an kusa gamawa,” in ji Malam Kamalu, yana duban zauruka. “Madalla. Abin da muka kawo ba yawa, kuma akwai ƙauyuka na jiranmu wajen Mawashi. Ka kai mu inda ba a yi ba.”

Suka kama hanya. Badaru yana gaba. Da suka zo daidai zaurensa, Malam Kamalu ya dubi bango.

“Nan gidan wa?”

“Nawa ne.”

“Ai haka ake so, shugaba ya fara da gidanshi. Mu je.”

Badaru ya tsaya. Daga inda yake yana jin muryar Iya tana yi wa Salma magana a tsakar gida. Kalma kaɗan ce za ta gyara komai. Amma ga ɗan aiken Maigari a gefensa, ga dattawan da suka yi masa godiya jiya. In ya yi magana, za a san shi ya ja allin, za a sake rufe gari, sunan da yake jira ya tafi. Ya ce a ransa, in an gama suna zai ɗauki Iya a mota ya kai ta Kusada da kansa a yi mata allura. Sai ya bi su. Suka yi wa gidajen ƙarshen gari, suka tafi da ragowar allurar.

Bayan mako uku Salma ta haifi namiji. Ranar suna Unguwar Bube ta cika. Mutane suka zo daga Kankia, daga Mawashi, har da dangin Salma na birni. Aka raɗa wa yaro suna Zainul Abidin, aka yanka rago. Mata suka cika gida, kuma kamar yadda aka saba, duk wadda ta zo sai ta shiga ɗakin kakar yaro ta durƙusa ta yi barka. Salma ta aika a kira Badaru.

“Malam, ɗakin Iya ya cika. Akwai wata ma sai tari take. Iya fa ba a yi mata allura ba.”

“Yau ɗaya ce, Salma. Ta yaya zan hana mutane gaida tsohuwa ranar sunan jikanta?”

Iya kuwa tana ta murna. Ta riƙe jaririn tana ce masa mijinta, tana tambayarsa ina kayan lefe.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kama ta. Malam Jaji ma ya kwanta, da mahaifin Ummaru, da wasu mutum da dama a unguwar. Malam Jaji ya yi kwana kaɗan yana mura, ya miƙe. Mahaifin Ummaru ya sha wuya ƙwarai, ya tashi da ƙyar, kuma bai sake iya bin shanu ba. Iya kuwa kullum numfashinta ƙara sarƙewa yake. Badaru ya ɗauko mota, motar da ya yi niyyar kai ta allura da ita, aka nufi asibiti.

A hanya ta jingina da kafaɗarsa. Can sai ta buɗe ido.

“Mai unguwa, har yau masu allurar nan ba su dawo ba?”

Ya dubi titi.

“Suna hanya, Iya.”

“To, Allah ya kawo su. Ka sa a yi ma Salma, tana shayarwa.”

Ta rasu a asibiti bayan kwana uku. Kafin a dawo da gawarta Maigari ya sake rufe gari, wannan karon ba a ce sai yaushe ba. Mutum kaɗan ne suka yi mata salla. Zauren da bai taɓa rabuwa da jama'a ba, ranar zaman makoki Malam Jaji kaɗai ke ciki tare da Badaru. Ruwa ya yi ta sauka a kwanakin, amma allin yana ƙarƙashin indararo ta gefen da ruwa ba ya bugu, yana nan fari kamar ranar da aka ja shi.

Malam Jaji ya daɗe yana duban bangon.

“Badaru, ranar nan da na ce maka likita. Ba ƙidaya ba ce, ko?”

“Ba ita ba ce, Baba.”

Tsohon ya kau da ido daga bangon. Ya ja carbinsa.

Da gari ya waye Badaru ya je ya faɗa wa Maigari komai, ya ajiye sarautar unguwa. Daga nan ya ɗauki tsumma da ruwa a bokiti, ya bi zaurukan da ya ja wa alli ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya yi masa sannu. Matar Ummaru ta wuce da ƙwaryarta cike da nono, ta koma ruga da shi.

Sai bayan kaka Malama Shamsiyya ta dawo da allura mai yawa. Ta zo zauren Badaru, ta ga bango babu alama, ta yi sallama. Ya fito da yaron a kafaɗa.

“Da tsofaffi muke farawa,” ta ce. “Akwai tsoho ko tsohuwa a gidan nan?”

“Babu,” in ji Badaru. Ya miƙa wa Salma yaron, ya naɗe hannun rigarsa.

Rai a hannun Allah yake, kuma babu mai iya rantsuwa cewa da an yi wa Iya Adawiyya allura da ta rayu. Abin da aka sani shi ne maganin ya zo har ƙofarta, ɗanta ya bari ya wuce. Darasin da ke cikin labarin Badaru shi ne, alamar an gama aiki ba ita ce aikin ba. Wanda ya gaji da jira ya gyara alama don a buɗe masa ƙofa, kansa da nasa ya fara yaudara, domin cuta ba ta duba bango. Kulle yana da ciwo, kuma masu kuka da shi suna da gaskiya, amma lokacin buɗewa shi ne lokacin da kariya ta shiga jikin mutane da gaske, ba lokacin da muka ƙosa ba. Kuma duk wanda ya yi kuskure ya samu damar gyarawa, ya gyara nan take ko da zai ji kunya. Kunyar rana ɗaya da Badaru ya guje wa a ƙofar gidansa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da ya ɗauka daga baya.