Manhajar da Fermín Ya Goge

Akwai wani matuƙin jirgi marar inji mai suna Fermín, a wani ƙaramin filin jirgi a kudancin Buenos Aires. Gwani ne, amma girman kai ya yi masa katutu.

Irin wannan jirgi iska mai ɗumi ce ke ɗaga shi, don haka kowa na duba hasashen yanayi kafin ya tashi. Fermín manhajar hasashe biyu gare shi a wayarsa, ya goge ɗaya wai ta cika kukan hadari.

Ranar wata Asabar ana zagaya shayin mate, Nélida, dattijuwar matuƙiya, ta jera hasashe uku a kan tebur.

"Fermín, biyu sun ce iskar pampero, guguwar nan mai sanyi, za ta iso da ƙanƙara kafin yamma. Taka kaɗai ce ta ce sai dare."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Goggo, ke da manhajojinki duk matsorata ne! Ki zauna ki jira mana butar shayi."

"In ka tashi, bar rediyonka a kunne, ɗan nan."

Ya tashi, ya nausa kudu. Da farko iska ta yi ta ɗaga shi, har yana fito.

Can sai ga baƙin hadari ya tokare gabansa. Iskar da ke ɗaga shi ta ɗauke ɗif. Jirgi ya fara sauka, ga gida da nisa, ga babu injin da zai kunna. Tsoro ya kama shi, ya yi kira ta rediyo.

"Goggo! Goggo, kina ji na?"

"Ina ji. Me kake gani a ƙasa?"

"Masara ce ko'ina, ta fi mutum tsawo! In na faɗa ciki na mutu!"

"Kwantar da hankalinka. Duba yamma da layin dogo, akwai gonar alkama da aka girbe. Manta da gida, sauka can yanzu."

Ya juya. Iska ta fizge fiffike ɗaya, ya dafe da ƙyar. Ya tsallake wayar shinge da kaɗan, taya ta daki ƙasa, jirgi ya tsaya. Yana shiga wata rumfar shanu da gudu ƙanƙara ta sauko, ta farfasa gilashin jirgin da kansa yake ƙarƙashinsa ɗazu.

Nélida ce ta zo ɗaukarsa da mota. Ba ta yi masa gori ba, ta dai miƙa masa shayi.

Ya sunkuyar da kai, ya ba ta wayarsa. "Goggo, mayar min da wadda na goge. Amma wacce zan riƙa bi?"

"Duba su duka, ɗan nan. Sannan ka fi sauraron wadda ba ka son ji."

Darasi: Wanda ya kori mai faɗa masa gaskiya, ya bar mai faranta masa rai, da hannunsa ya rufe wa kansa ido. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ita ke maido da mutum gida. Ku tura wa wanda ba ya jin shawara.